Ƙasa biyu, fasfo biyu, mutum ɗaya: amsoshin tambayoyin da ake yawan kawo min

Assalamu alaikum ƴan uwa. Sana'ata cike wa mutane fom ce, na fasfo da gyaran NIN da makamantansu, a wani ɗan shago cikin garin Katsina, kuma ni kaina ƙafata ɗaya tana nan ɗaya tana tsallaken boda, babanmu mutumin Jibiya ne, innarmu ƴar Maraɗi. Kusan kullum sai wani ya zauna a bencin shagon nan ya zaro takardu daga cikin leda, ya yi ƙasa da murya kamar wanda zai faɗi laifi, ya ce "malam ina da tambaya amma tsakaninmu". In ka saurara sai ka ga abin da yake tsoro ba laifi ba ne sam, abin da kuma bai ɗauka a bakin komai ba shi ne zai iya jefa shi cikin wahala. Shi ya sa na tara tambayoyin wuri ɗaya.

Wai da gaske ne doka ta yarda ɗan Najeriya ya riƙe ƙasa biyu?

Eh, ta yarda, in dai kai ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya kawo hanya uku ta zama ɗan Najeriya: ta haihuwa a sashe na 25, ta rajista a sashe na 26, sai ta neman zama ɗan ƙasa bayan daɗewa a sashe na 27. Sashe na 28 shi ne ya yi maganar ƙasa biyu, kuma wanda ya taka wa birki shi ne mutumin da ba ta haihuwa ya samu Najeriya ba, shi in ya je ya ƙara karɓar wata ƙasa wadda ba ƙasarsa ta haihuwa ba toh ya rasa ta Najeriya. Amma kai da ka gaje ta daga uwa ko uba, ko fasfon Ingila ka karɓa ko na Kanada ko na Nijar, ɗan Najeriyarka na nan daram.

Sai dai a riƙe wannan, yardar Najeriya rabin magana ce. Ita ma ɗaya ƙasar sai ta yarda.

A Kano aka haife ni, nan na yi makaranta nan na yi aure, amma iyayena duka ƴan Nijar ne. Ni ɗan Najeriya ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yi min nauyin amsawa, don yawanci mai yin ta bai san wani gari ba sai Fagge ko Kurna, ko faransanci ɗaya bai iya ba. Amma gaskiya ɗaya ce, a Najeriya haihuwa a kan ƙasa kaɗai ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa, jini ake bi. Wanda aka haifa a cikin Najeriya bayan 1 ga Oktoban 1960 yana zama ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ɗan Najeriya ne.

Kalmar kakanni ɗin nan a duba ta da kyau kafin a karaya. Kakanni huɗu kake da su, kuma mu mutanen bakin iyaka wuya ne ka ƙirga huɗun nan ba ka samu ɗaya daga Daura ko Illela ko Sabon Birni ko Maigatari ba, tunda auratayya tsakanin Katsina da Maraɗi ko Gobir da Tsibiri ta girmi bodar kanta nesa ba kusa ba. Na ga wanda ya zo yana cewa shi baƙo ne, muna cikin hira sai ga shi kakarsa ta wajen uwa ƴar Kaita ce, kaga ashe tun ranar sunansa ɗan ƙasa ne bai sani ba. Je ka zauna da tsofaffin gidanku ka tambaya tun suna da rai.

In kuma duka huɗun babu, hanyar da ta rage ita ce sashe na 27, ana neman zaman shekara 15 a ƙasar da kyawun hali, takardu su bi ta ma'aikatar harkokin cikin gida, shugaban ƙasa ya sa hannu. Hanya ce mai tsawo amma ita ce mai tsafta.

Ai ina da NIN, ba shikenan na zama ɗan ƙasa ba?

A'a, kuma nan ne ruɗanin ya fi yawa saboda sunan da muke kiran abin da shi, katin ɗan ƙasa. Lambar NIN mai lamba 11 da hukumar NIMC ke bayarwa, ana ba ɗan ƙasa, ana kuma ba baƙon da yake zaune a Najeriya bisa ƙa'ida. Ɗan Labanon da ke kasuwanci a Kantin Kwari da takardar zamansa zai iya samun NIN, ɗan Chana mai kamfani ma haka, tunda ko layin waya ba za ka riƙe ba sai da ita tun bayan umarnin haɗa layi da NIN na Disambar 2020. Aikinta ta ce wannan fuskar da waɗannan yatsun na wane ne. A cikin bayanan da aka ɗauka akwai gurbin da aka rubuta ƙasarka, abin da ka faɗa ranar rajista shi ke ciki.

Fasfo ya fi ta ƙarfi sosai don shi ɗan ƙasa kaɗai ake ba, kuma kafin imigireshin su ba ka sai sun ga NIN, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar indijin ta ƙaramar hukuma, da garanto. Duk da haka shi ma shaida ne kawai. Zama ɗan ƙasa daga iyayenka da doka yake fitowa, takardu suna biyo baya ne su tabbatar. Shi ya sa tsohuwa a ƙauye wadda ba ta taɓa riƙe ko silif ba cikakkiyar ƴar ƙasa ce, wanda kuma ya sayi takardar indijin ta ƙarya ya yi fasfo da ita, ranar da asiri ya tonu fasfon ba zai cece shi ba, shi ne ma zai zama hujja a kansa.

Katin zaɓe kuwa na ƴan ƙasa ne zalla. In kai ba ɗan Najeriya ba ne don Allah kar ka bari wani ɗan siyasa ya ja ka layin rajista, shi zai ci zaɓensa kai kuma a kama ka da kati a aljihu.

Mamana ce ƴar Najeriya, babana ɗan wata ƙasa ne. Ana gadon ƙasa ta wajen uwa?

Ana yi ƙwarai. Sashe na 25 cewa ya yi ɗaya daga cikin iyaye, bai ce uba ba. Ko a waje aka haife ka, a Yamai ko Jidda ko Landan, in uwarka ƴar Najeriya ce kai ɗan Najeriya ne ta haihuwa. A Yulin 2025 shugabar jam'iyyar ƴan mazan jiya ta Birtaniya Kemi Badenoch ta faɗa a wata hira cewa ba za ta iya ba ƴaƴanta zama ƴan Najeriya ba saboda ita mace ce, lauyoyi suka yi mata caa da wannan sashen, don maganar ba haka take ba.

Akwai ma tsohon labari da ya kamata duk ɗan bakin boda ya sani. Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin tsohuwar jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP. A Janairun 1980, zamanin Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauke shi suka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne tunda mahaifinsa daga can ya fito. Mutum zaɓaɓɓe, mai fasfon Najeriya, kujerarsa ba ta hana ba fasfon bai hana ba. Abin da ya dawo da shi gida kotu ce a Maiduguri, bayan an tabbatar mahaifiyarsa ƴar Najeriya ce. Duk sanda na tuna labarin nan sai in ji innarmu a raina, don ta wajenta ni ma nake da haƙƙi a Nijar.

Inda ake shan wahala a aikace shi ne takardar indijin, saboda al'ada ta saba bin garin uba, sai ka je sakatariya wani ma'aikaci ya ce maka "ai ɗa na uba ne". Kar ka yi ƙaryar garin uba don ka huta. Bi ta garin mahaifiyarka, a fara daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, ka tafi da kawunka wanda aka sani, ka riƙe kwafin NIN ko fasfon mamanka da takardar haihuwarka mai ɗauke da sunanta.

Wani abu da ni dai nake ganin rashin adalci ne: baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya tana iya rajista ta zama ƴar ƙasa a sashe na 26, amma baƙon da ya auri ƴar Najeriya ba a ba shi wannan ƙofar ba, sai ya bi layin shekara 15.

Ita Nijar ɗin ta yarda da ƙasa biyu?

Ta yarda tun gyaran dokar 2014. Kafin nan dokar 1984 ce ke aiki, wadda in babba ya je ya karɓi wata ƙasa da kansa yana rasa ta Nijar. Su tsarinsu ma ya fi namu fitowa fili, akwai takarda guda da ake kira nasiyonalite wadda kotu ke bayarwa, ita ce shaidar cewa kai ɗan Nijar ne. Ana farawa da takardar haihuwa, wanda ba a yi masa ba tun yana jariri kotu ta yi masa madadinta, sai nasiyonalite, sannan kart dantite, wato katin shaidarsu, da fasfo.

Sunana a takardun Nijar Mahamadou Issoufou, a NIN kuma Muhammad Yusuf, shekarun ma sun bambanta. Akwai matsala?

Akwai, kuma wallahi in za ka ɗauki abu ɗaya daga duk rubutun nan toh wannan ne. Ƙasa biyu doka ta yarda, amma zama mutum biyu a takarda babu ƙasar da ta yarda da shi.

Bambancin rubutu kaɗai abu ne da aka sani, Abdoulaye da Abdullahi, Ousmane da Usman, Aichatou da Aisha, Souley da Sule, wancan rubutun faransanci ne wannan na ingilishi, ana iya warware shi da takardar rantsuwa a kotu cewa duk mutum ɗaya ne. Abin da ke kashe mutane shi ne in aka canza asalin bayani. A can an sa sunan uba, a nan an sa sunan kaka ko sunan gari. A can an rubuta an haife ka wajajen 1985 ba rana ba wata, a nan ka zo ka ce 1 ga Janairun 1992 don kana neman aikin gwamnati. A can Tasawa, a nan Ɗanbatta. Da can wannan yana wucewa, yanzu ko'ina yatsu ake ɗauka da hoton fuska, ofishin bizar da ka je da fasfo ɗaya bara yana da yatsunka, in ka dawo bana da ɗaya fasfon da wata ranar haihuwa kwamfuta ce za ta haɗa su da kanta, kuma su a wurinsu ba kuskure ba ne yaudara ce.

Akwai wani bawan Allah da ya zo shagona, ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, yana da haƙƙin ƙasashen biyu tsaf, uba nan uwa can. Wani ejan ya yi masa fasfo ya rage masa shekara 6 ba tare da ya ma nema ba, wai don ya fi saurin fitowa. Ya shimfiɗa takardun a kan teburina, fasfo biyu hoto ɗaya ranar haihuwa biyu, hannunsa har rawa yake, an hana shi biza kuma kuɗin kayansa na can maƙale. Mun fi wata huɗu muna bin gyara, rantsuwar kotu, takardar hukumar ƙidaya, gyaran NIN, sannan sabon fasfo.

Shawarata ka zaɓi gaskiya, wato takardar da ta fi tsufa kuma ta fi kusa da ainihin haihuwarka, ka gyara sauran su bi ta. A Najeriya NIN ake fara gyarawa, don fasfo daga bayananta yake ɗauka, in suna ko ranar haihuwa ba su yi daidai ba fom ɗin ma ba zai wuce ba. Kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne a yi ta maimaitawa, tun 1 ga Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira dubu 100 ne, mai shafi 64 na shekara 10 dubu 200 ga mai nema a cikin gida.

Ina da fasfo biyu, da wanne zan yi tafiya?

Ƙa'idar mai sauƙi ce, kowace ƙasa taka ka shige ta ka fita da fasfonta. Misali kana da na Najeriya da na Birtaniya za ka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Landan: wurin ma'aikatan jirgi ka nuna na Birtaniya don su ga ba ka buƙatar biza, wurin imigireshin ɗinmu ka miƙa koren fasfo su buga maka hatimin fita, in ka sauka can ka fito da nasu. Dawowa sai ka juya. Amurka ma doka ce a wurinsu, ɗan ƙasarsu da fasfon Amurka zai shiga kuma da shi zai fita.

In ka shigo Najeriya da fasfon waje kaɗai toh a matsayin baƙo ka shigo, sai da biza, da adadin kwanakin da aka ba ka. A ƙasa ta uku kuma, wanda ka shiga da shi da shi za ka fita, kar ka shiga Masar da ɗaya ka ce za ka fita da ɗaya, za su nemi hatimin shiga su rasa.

Tunda Nijar ta fita daga ECOWAS, ya batun tsallaka boda?

Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala fita ranar 29 ga Janairun 2025, sun kuma fito da fasfon ƙawancensu na AES. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katunansu masu tambarinta, a bar su su yi zirga-zirga ba biza har sai an sanar da wani abu. Tsohuwar yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba baƙo ɗan yankin, bayan nan ana son takardar zama. A nata ɓangaren Nijar ta tsaurara dokar shiga da zaman baƙi a farkon 2025, kuma duk mai bin hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa ko Illela zuwa Ƙonni ko Kongolam zuwa Matamaye ya ga yadda bincike ya ƙaru. Silif ɗin NIN da aka yi wa leda ba takardar tafiya ba ce. Mai ƙasa biyu a nan ya huta, ya nuna ta Najeriya a shingen Najeriya, ya nuna ta Nijar wa jandarma, ya haɗa da katin rigakafi.

In aka kama ni a ɗaya ƙasar tawa, ɗayar za ta shigar min?

Kar ka dogara da haka. Tsohuwar ƙa'ida ce tun yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta birnin Heg ta 1930, ƙasa ba ta kare ɗanta a gaban wata ƙasar da shi ma ɗanta ne. In kana Najeriya kai ɗan Najeriya ne kawai a idon hukuma ko da jan fasfo ko shuɗi a jakarka.

Mai ƙasa biyu zai iya tsayawa takara?

A Najeriya sashe na 66 da na 137 da ƴan uwansu sun hana wanda ya karɓi wata ƙasa da son ransa, amma an ɗaure su da sashe na 28, shi ya sa kotun ɗaukaka ƙara ta fassara cewa ɗan ƙasa ta haihuwa bai shiga hanin ba. Kujerar shugaban ƙasa kuwa dole sai ɗan ƙasa ta haihuwa. Ƴan uwanmu na zango a Ghana su lura, nasu ya fi tsauri: ƙasa biyu halal ce a can amma ba ga ɗan majalisa ba. A 2023 kotun ƙolinsu ta cire James Gyakye Quayson na mazaɓar Assin ta Arewa saboda lokacin da ya miƙa takardun takara a 2020 bai gama rabuwa da Kanada ba, sai da aka sake zaɓe ya kuma ci.

Waɗanne ƙasashe ne ba su yarda ba?

Cikin waɗanda suka shafe mu, Kamaru ce a gaba, dokarta ta 1968 ba ta yarda babba ya riƙe wata ƙasa tare da tata ba, don haka Hausawan Garwa da Ngaundare da Yawunde masu dangi a Mubi ko Yola su yi taka-tsantsan kafin su yi fasfo na biyu. Saudiyya ma sai da izinin hukuma, kuma haihuwa a Makka ko Madina ba ta mai da yaro ɗan Saudiyya, igama takardar zama ce kawai, duk daɗewarka. Jamus a da ta hana, amma tun Yunin 2024 ta buɗe ƙofa.

Matata ta haihu a waje, me za mu fara yi wa jaririn?

Ku karɓi takardar haihuwa ta can tukunna, ku duba rubutun sunan harafi bayan harafi kafin ku bar ofishin, ya zama yadda kuke so ya zauna har abada kuma sunan uba ya yi daidai da na fasfonsa. Sannan ku je ofishin jakadancin Najeriya da fasfon iyaye da takardar amincewarsu a yi masa NIN da fasfo. Ko ƙasar haihuwar za ta ba shi nata, wannan dokarta ce: Amurka ta daɗe tana bayarwa bisa gyaran kundinta na 14 na 1868, wanda Trump ya sa hannu kan umarnin taƙaita shi a Janairun 2025 aka tafi kotu, Birtaniya kuwa ta daina bayarwa don haihuwa kaɗai tun 1983.

Fasfona na Najeriya ya mutu shekara goma ina waje, na kuma karɓi na wata ƙasa. Na daina zama ɗan Najeriya kenan?

Ba ka daina ba, littafin ne ya ƙare. Ɗan ƙasa ta haihuwa ba ya fita sai shi da kansa ya rubuta cewa ya ajiye, a sashe na 29, shugaban ƙasa ya sa a yi rajistar ajiyewar, kuma yana iya ƙin yi in ana yaƙi ko in ya saɓa wa maslahar ƙasa. In ba ka taɓa yin wannan ba, nemi cibiyar rajistar NIN a ƙasar da kake, akwai su a waje, ka yi lambar da sunan da ke cikin tsohon fasfon, sannan ka cike fom ɗin sabuntawa. Tsohon fasfon kuma kar ka yar da shi ko ya yage, ka tafi da shi ranar ɗaukar hoto da yatsu, za su tambaya.